Sunan Ogola

Da huji a zuciya aka haifi yaron. A wani asibiti a Kisumu, bakin ɗakin jariran cikin kwalba, na ji wata tsohuwa tana tambayar uban.

"Sunan wa ka sa masa, ɗana?"

"Sunan kakana, Ogola. A mafarki ya zo ya nemi a sa masa."

"Me ya kashe shi?"

"Mashi, Mama. A ƙirji."

"Kuma ka ba shi, da gemunka? Ai da hujinsa ya dawo. Sauya suna."

"Likita ya ce za su ɗinke."

"Su ɗinke. Kai dai ka sauya. Amma ka sani, in ka ƙwace sunan, tsohon zai nemi wani ƙirjin."

Uban ya nuna ƙirjinsa. "Ga nawa. Daga yau ni ne Ogola."

Ranar da aka sallami yaron, a bakin ƙofa uban ya faɗi dafe da ƙirji. Bai tashi ba.