Babura a Garin Ruwan Zafi

Tumaki biyu da waken suya Baba ya sayar a kasuwar Yankara, da kuɗin nan ne Gwaggo Asabe, ƙanwarsa, ta tafi Japan. Jirgi kam matar da take wa aikatau a Abuja ce ta biya, 'yar can ce, yayarta na da masaukin baƙi. Kullum daga tumakin Gwaggo ke farawa, ni kuma na ƙosa.

"Gwaggo, tsallake tumakin nan, ki kai mu wurin babura."

"Ke Hadiza, wutar ciki gare ki. Ɓare masararki."

La'asar ce, muna tsakar gida ni da ƙannena. Ta gyara zama.

"Garin cikin kwari yake, daji ko ta ina, ya fi na hanyar Sabuwa duhu. Ina sauka na ce, wanga wuri in 'yan bindiga sunka shigo, ta ina mutum zai gudu? Ga tururi na tashi daga kwata, ga warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ƙasa ce ke tafasa ruwa da kanta, ba itace ba gawayi. Na yi ta salati. Su ko kuɗi suke biya su zo su jiƙa jikinsu. Ansan suke ce mashi."

"Onsen ne, Gwaggo. Na karanta a takardar da kika zo da ita."

"To, malama. Baƙo na sauka sai a ba shi doguwar riga da takalman katako, ya yi ta yawo ƙwas-ƙwas daga wanga gidan wanka zuwa wancan, ana buga mashi hatimi kamar mai rigakafi. A ƙofar masaukinmu akwai kwarmin ruwan zafi na tsoma ƙafa, kyauta. Gefe ana dafa ƙwai cikin kwando, ruwan ƙasar ne ke dafa shi. Aikina kwasar tawul.

"Mai masaukin Akami ake ce mata, ni Hajiya nake cewa. 'Yar ƙarama, ba ta ɗaga murya, amma in ta kalle ki sai ki shiga taitayinki. Da guntun Turancin Abuja muke magana. Ran nan na taka tabarmar ɗakin baƙi.

"'Asabe-san, takalmi!'

"'Mai tsabta ne, Hajiya.'

"'Na ban-ɗaki ne. Wannan na biyu ke nan. In an yi na uku, ki haɗa kayanki.'

"Wata huɗu kawai da zuwana. In koma in ce wa babanku mi, ga tumakinshi sun tafi?"

"Baburan, Gwaggo!"

"Lahadi ce, da rana tsaka. Tsofaffi mata uku sun tsoma ƙafa a kwarmin nan suna dariya. Sai na ji ƙarar babura daga kan tudu, cikin daji. Kun san yadda muke yi, ba ka dubawa, ƙirgawa kake. Ɗaya, uku, shida. Har sunka wuce goma. Na hango su a kwana, baƙaƙen kaya, fuska a rufe."

Babu wanda ya ƙara ɓarar masara. Mun san wannan ƙarar. Mun taɓa yini kwance cikin gona saboda ita.

"Na yar da tawul. Na figi biyu a hannu, ta ukun ba ta iya sauri, na goya ta. Ƙafafunsu jiƙe, ba takalmi. Na tura su ɗakin ajiyar tawul, na sa sakata, na danne ƙofa da bayana. Ɗaya ta buɗe baki za ta yi ihu, na toshe mata da hannu. Ina jin baburan suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, daidai ƙofarmu. Na yi kalmar shahada. Jira nake in ji harbi.

"Sai ƙwanƙwasa. 'Asabe-san.'

"Na buɗe. Hajiya ce tsaye, bayanta kuma ga su jere bakin kwarmi, sun cire hulunan kwano. Furfura fal. Tsofaffi ne, sun naɗe wando suna ɓare ƙwai. Yawon Lahadi sunka zo."

Ƙannena suka fashe da dariya. Gwaggo ba ta yi ba.

"Ta kai ni ofis. 'Na uku,' ta ce. 'Don mi?'

"Turancina ya ƙare. Na ɗauko cokula na jera su kan tebur, babura ke nan. Na kife kofuna, gidaje. Na nuna mata yadda ake kwashe mutane. Na ɗaga kofi ɗaya na ce, wanga ɗakin Inna Ladi ne, maƙwabciyarmu, ita ma ba ta iya sauri, ran nan ba wanda ya goya ta.

"Ta daɗe tana kallon kofin. Sannan ta ce in je in ba baƙi haƙuri, in koma kan tawul.

"Tun daga ranar, duk Lahadi da safe sai ta same ni. 'Asabe-san, yau babura tara, ƙarfe biyu. Tsofaffi ne, ƙwai za su ci.' Har na cika shekara biyuna ba ta taɓa mantawa ba. Na dawo da keken ɗinki, na mayar wa babanku da tumaki."

Na buɗe baki zan tambaye ta ko ita ma ta taɓa shiga ruwan, sai muka ji ƙarar babur daga yamma, ta wajen Ruwan Godiya. Kowa ya kasa kunne. Na ga leɓen Gwaggo na motsi, hannunta ya riga ya kama na autarmu.

"Ɗaya ne," na ce.

"Saurara dai," in ji ta. "Nan ba mai gaya maki da safe."