Kati Ɗaya, Rana Uku

Salihu: Salamu alaikum, Malam Muhyiddeen, babban malamin Gafasa da kewaye!

Muhyiddeen: Wa alaikumus salam. Wa ke magana?

Salihu: Au, har ka goge lambata? Salihu ne, injiniyan Gaya.

Muhyiddeen: Sale! Injiniyan da ya tsere mana a aji huɗu. Ina wuni?

Salihu: Lafiya lau. Ya ɗalibai? Ya Umaima da yara?

Muhyiddeen: Duk lafiya. Ya Inna? Ya ƙafar tata?

Salihu: Da sauƙi. Tana Kademi wajen yayata tun bayan salla, ni kaɗai ne a gidan. Ya ruwa a wajenku?

Muhyiddeen: Ya me?

Salihu: Ruwa! Damina!

Muhyiddeen: Alhamdulillahi, gyaɗa ta yi kyau. Muryarka tana yankewa.

Salihu: Iskar hanya ce. Kun kusa ƙarasowa ko?

Muhyiddeen: Ƙarasowa ina?

Salihu: Walimar buɗe shagon kwamfutata mana. Tun azahar nake leƙen titi.

Muhyiddeen: Kai Sale, ka ji tsoron Allah. Katin da ka aiko min Talata aka rubuta, kuma ranar Talatar mai babur ya kawo shi da yamma. Na kira sauran 'yan ajinmu, Ari ya ce nasa Laraba. Inuwa ya ce nasa Alhamis. Muka sha dariya, muka ce mutumin ya dawo bakin aikinsa na tsokana.

Salihu: Wace Talata? Asabar na rubuta, da hannuna!

Muhyiddeen: Haka ka rantse ranar da ka tara mu a tasha mu tarbi Yusuf daga Umara, ashe yana gona yana noma.

Salihu: Waccan kam ta tsaru, har yau ana ba da labarinta. Amma wannan wallahi... tsaya. Ga katin na buɗe a kwamfuta. Asabar, ɓaro-ɓaro!

Muhyiddeen: To yau wace rana ce?

Salihu: Asabar ma... Innalillahi.

Muhyiddeen: Hello? Sale?

Salihu: Ina nan. Ka san akwai wani wuri a manhajar rubutu, kana dannawa kwanan watan ranar zai faɗo da kansa, har da sunan ranar. In ka sa masa alama, kullum ka buɗe takardar sai ya sabunta kansa. Duk Gaya ba wanda ya san wurin sai ni.

Muhyiddeen: Sannu, injiniya.

Salihu: Shi na saka a katin don ya fito tsaf, sai na gyara shi ya koma Asabar. Ashe gyaran ba ya zama. Wuta kuma ba ta daɗewa, kullum in an kawo sai in buɗe, in buga 'yan kaɗan, in cusa a ambulan.

Muhyiddeen: Ba ka karanta ba?

Salihu: Wa yake karanta abin da shi ya rubuta?

Muhyiddeen: To me ya hana ka kira mu?

Salihu: Mai injin buga takardu ya gayyaci mutane da baki? Ai katin shi ne tallar.

Muhyiddeen: Tallar kuwa ta yi. Wa da wa suka zo?

Salihu: Jama'a dai... Liman ya zo ya yi addu'a, ya wuce ɗaurin aure. Mai facin da ke kusa da ni ya ci, ya koma kan taya.

Muhyiddeen: Sai kuma?

Salihu: Sai kujeru. Na jera su har bakin kwata. Dafa-duka tukunya guda, ga zoɓo ƙanƙararsa ta narke. Ban gayyaci 'yan unguwa ba, na ce wannan ta 'yan ajinmu ce. So nake ku zo ku ga ni ma na zama wani abu, ko ba takardar makaranta.

Muhyiddeen: Sale...

Salihu: Hau babur kawai, kafin magariba kana nan. Ka biya ka ɗauko Ari.

Muhyiddeen: Ina Kano fa. Bita aka turo mu, sai Litinin. Da na san da gaske ne, wallahi da na nemi uzuri. Ari kuma ya kai awaki kasuwa.

Salihu: Ba komai. Dama wurin ya yi kaɗan, da cunkoso za a yi.

Muhyiddeen: Ka raba wa maƙwabta kafin ta lalace. Bari in koma, an kusa shiga aji.

Salihu: Tsaya, kar ka kashe. Na zuba a faranti tun ɗazu, na kasa ci. Ka ɗan yi ta magana, in yi ko loma biyu.

Muhyiddeen: In ce me?

Salihu: Komai. Ko zagina ne.

Muhyiddeen: To, bismilla. Kai dai Sale, tun muna aji ɗaya na san ba za ka taɓa...

Salihu: Ba zan taɓa me ba? Hello? Muhyi? Muhyiddeen?