Molon Babana a Wasan Birmingham

Assalamu alaikum, Malama mai gabatarwa, barka da aiki. Daga unguwar Levenshulme, nan ƙasar Turawa, nake rubutowa, kuma raina a ɓace yake.

Ranar Asabar na tafi da 'yata Nabila Birmingham, kallon wasan waiwaye na wasu mawaƙa da na daɗe ina saurare. Su ne masu haɗa tsofaffin waƙoƙin karkarar Amurka da kiɗan rawa na na'ura. Suka nuna fim ɗin tarihinsu, suka gode wa kowa har da mai gyaran lasifika, amma ba wanda ya ambaci Afirka. Alhali banjo, abin kiɗan da suke taƙama da shi, dangin molonmu ne, bayi suka ƙetara da irinsa Amurka. Na karanta, kunnena ma ya shaida.

A jirgin ƙasa ina ta faɗa, sai Nabila ta ce, "Haba Mami, ina ruwanki da molo? Kakana ba ɗan kasuwa ba ne?"

Babana makaɗin molo ne har ya rasu. Ni na mayar da shi ɗan kasuwa, don kada a kira ta jikar maroƙa.

Masu sauraro, ta girma a kan ƙaryata. Ta ina zan fara gaya mata?