Layin da Na'ura Ta Haɗiye

A bencin jira na wata maɗaba'a, wata mata ta ƙura wa gwajin bugun littafi ido. Na kusa da ita, mai aikin tsara shafuka, ya dube ta.

"Baiwar Allah, lafiya?"

"Littafin marigayi maigidana ne. A shafin godiya ya gode wa kowa, har mai gadi. Ni da na yi shekara shida ina jinyarsa yana rubutu, ko ambatona bai yi ba."

"Allah ya jiƙansa. Mu gani." Ya bi shafin da yatsa. "Nan an rubuta 90, sai maganar ta yanke. Alamar kashi cikin ɗari ce a wurin. In ba a sa ɗan karkataccen layi kafinta ba, na'ura haɗiye sauran layin take yi. Kina da asalin rubutun?"

"Yana wayata. Tun rasuwarsa na kasa buɗewa."

Ta daure ta buɗe, ta karanta a hankali: "90% na wahalar littafin nan matata ce ta sha."

Ta sake karanta layin.

"Gyaran minti ɗaya ne," in ji shi.

"Minti ɗaya," ta ce. "Ni kuwa saboda shafin nan yau kwana tara ban yi masa addu'a ba."