Furannin Inna Barira Sun Nuna

Assalamu alaikum. Wakilin Hakimi, ranka ya daɗe. Malam Liman, Allah ya gafarta Malam. Masu unguwanni, Malam Ƙasimu maigidan marigayiya, 'ya'ya da jikoki, da 'yan uwana mata da suka taso tun daga Kiyako, Kangire da Gwaram, sannunku da zuwa addu'ar arba'in ta Inna Barira. Ni ce Ummussalma, ƙungiyarmu ta masu sabulu ce ta ce in yi magana, wai don na fi kowa shan faɗanta.

Ta kasance uwa gare mu. A tsakar gidanta da ke nan Birnin Kudu ta koya mana haɗa soda da mai, da zuba shi a mazuban roba masu siffar fure. Yau da wannan sana'ar muke saya wa 'ya'yanmu littafi da takalmi.

Ta kasance mai fara'a, amma kowa ya san iyakarta: sabulun da bai nuna ba, ba ya barin gidanta. Sai ya yi makonni a kan asabari, a inuwa, tana juya shi yana shan iska. Kafin ta sallama shi, sai ta ɗana masa harshe. In ya yi mata zafi, ya koma asabari. Alhaji Safiyanu, ga ka nan kana dariya! Ka zo daga Gwaram ana jibi bikin 'yarka, ka roƙi Inna ta ba ka sabulun da bai nuna ba, ka haɗa ta da Allah. Ta ce, "Alhaji, so kake amarya ta kwana tana susa?" Ka tafi da fushi, ka dawo da godiya.

Ta kasance mai hannu a wajen cire sabulu daga mazubi. Nan ne wuyar aikin: ka yi sauri kunnen fure ya gutsure, ka matsa yatsa ya zauna a jiki. Mu dai zubawa muke, ita ke cirewa. 'Yarta Munawwara kuwa an hana ta taɓa mazubi tun tana budurwa, don takan fasa fiye da rabi. Kullum Inna na ce mata, "Sauri ya haifi nawa, ke je ki wanke bokiti."

Shi ya sa da ciwo ya kwantar da ita, hankalinmu ya tashi. Ga zubinta na ƙarshe a mazubi ya isa cirewa, babu mai ƙarfin halin taɓawa. Har mun fara cewa in babu Inna, kowa ta kama gabanta.

A gadon asibiti ta dubi Munawwara ta ce, "Je ki cire."

"Inna, da wannan hannun nawa?"

"Da shi. Ki sassauta gefe tukuna, kamar kina cire wa jariri riga."

Da la'asar Munawwara ta dawo. Inna ta ce, "Nawa kika fasa?"

"Ko ɗaya."

Inna ta yi dariya har da tari, ta ce, "Ashe zan iya hutawa." Washegari Allah ya karɓi abarsa.

Malam Ƙasimu, ka yi haƙuri, ka yi rashin abokiyar zama. Munawwara, ɗago kanki. Muna kewar Inna ƙwarai, amma wallahi yau farin cikinmu ya fi hawayenmu. Tun ranar kike juya furannin nan ba fashi, kuma da safen nan a gabanmu kika ɗana harshe, babu zafi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ƙungiya tana nan, ranar Asabar akwai zubi.

Mun gode wa kowa da kowa. A bakin ƙofa akwai faifai, kowa ya ɗauki fure ɗaya: uwa ta zuba, 'ya ta cire. Alhaji Safiyanu, ɗauki biyu, wannan ya nuna.

Ya Allah, baiwarka Barira ta ƙare rayuwarta tana tsabtace bayinka. Ka wanke ta daga kurakuranta kamar yadda ake wanke farin tufa daga dauɗa, ka sa Aljanna ce makomarta. Amin.