Jiƙon Kaka

A bencin asibiti wani direba na rungume da 'yarsa mai zazzaɓi, wata tsohuwa a gefensa.

"Ɗana, me likita ya ce?"

"Ya tambaya ko ta sha magani a gida, Iya. Na ce a'a. Allura muke jira."

"To warin sassaƙen nan a bakinta fa?"

"Jiƙon kakarta ne. Sai ƙwayoyin da maƙwabcinmu ya ba mu."

"Innalillahi! Su ba magani ba ne?"

"Na ɗauka sai wanda likita ya rubuta."

"Cikin yarinya ya san rubutun likita? Tashi ka faɗa musu!"

Aka kira sunan yarinyar. Ya miƙe da sauri.

"Sista, don Allah dakata da allurar nan!"