A Dawo Mana da Tsohuwarmu

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni ce Hajiya Falmata daga Fagge, kuma da fushi na rubuto.

A wasan kwaikwayon nan mai dogon zango na ranar Asabar, akwai tsohuwar da ke fitowa a kakar gida. Hausarta irin ta mutanen Borno ce, sak ta marigayiya mahaifiyata. Saboda ita nake rufe shagona a Kantin Kwari da wuri. In ta daka wa jikokinta tsawa, nakan lumshe ido, sai in ji kamar Inna ce a tsakar gidanmu.

Makon jiya muka kunna, sai ga wata yarinya an barbaɗa mata hoda a gira, tana dogara sanda, wai ita ce kakar! Autata ta ce, "Umma, wannan kakar ai na girme ta."

Marubuta, makafi kuka ɗauke mu ko kurame? Ko a littafi ba a sauya wa mutum uwa daga shafi zuwa shafi.

Malam, don Allah ka isar musu su dawo da ita. In ba za ta dawo ba, su rubuta rasuwarta, mu yi kukanmu. Na taɓa rasa muryar nan, amma a lokacin an bar ni na yi bankwana.